Gyaran bututun matsarmama da ya tsuke: yadda ake aikin daga gwajin farko zuwa ɗinkin ƙarshe

Duk wanda ya taɓa tsayawa a kan mahauci yana gyaran kayan cikin rago ranar Babbar Sallah ya ga yadda hannunsa ke yin sanyi idan ya iso kan hanta. Wuƙar da take ta sauri sai ta lafa. Ya lallaɓa ya ɗago 'yar koriyar jakar nan, ya yanke ta daga wuya ya yar, don ya san idan ta fashe naman ya yi ɗaci. Ita ce matsarmama, wasu su ce maɗaciya.

A jikin ɗan Adam jakar ma'aji ce kawai. Hanta ce ke yin ruwan matsarmamar, kusan rabin lita zuwa lita ɗaya a kowace rana. Ruwan yana bin ƙananan hanyoyi a cikin hanta har su taru su zama bututu biyu, na dama da na hagu. Waɗannan su haɗe a ƙofar hanta su zama babban bututu guda, wanda ke gangarowa ya ratsa ta kan fankiriyas, gaɓar nan da ke yin insulin, ya zuba a farkon ƙaramin hanji. Faɗinsa kamar milimita 6 ne, bai kai kaurin fensir ba. Ana cire jakar mutum ya ci gaba da rayuwarsa lafiya lau. Amma idan bututun ya tsuke, ruwan zai koma baya ya taru a hanta, ya shiga jini, ƙwayoyin cuta su samu wurin zama, a hankali hantar ta ƙandare.

Na rubuta wannan ne don matasan likitoci da ma'aikatan ɗakin tiyata da ɗalibai, da kuma dangin majinyaci da ke son sanin abin da za a yi wa nasu.

Abin da ke kawo tsukewar

Kashi biyu ne. Akwai ta ciwon daji, na bututun kansa ko na kan fankiriyas, wadda maganinta shi ne yanke ƙarin idan zai yanku. Akwai kuma ta tabo, wadda ita ce maganarmu a nan. Daɗaɗɗen kumburin fankiriyas yana kawo ta, tsakuwar da ta daɗe tana gurzar bututu tana kawo ta, haka dashen hanta. Amma mafi yawa, rauni ne da aka ji wa bututun lokacin cire jakar matsarmama.

Carl Langenbuch ne ya fara cire jakar a Jamus a 1882. Erich Mühe, shi ma a Jamus, ya yi ta da na'urar leƙen ciki ta ƙananan huji a 1985, hanyar da daga baya aka haɗa da kyamara. Sabuwar hanyar ta rage wa majinyata ciwo da zaman asibiti, sai dai raunin bututu ya ƙaru, daga kamar 1 ko 2 cikin dubu zuwa 3 zuwa 6 cikin dubu. Lawrence Way da abokan aikinsa a Amurka sun bi diddigin raunuka 252 a 2003, suka tarar kashi 97 cikin 100 ruɗin ido ne: likita ya kalli babban bututu ya ɗauka wuyan jaka ne, ya ɗaure ya yanke da cikakken yaƙini. Wannan ya shafe mu kai tsaye, domin masu sikila suna yin tsakuwar matsarmama tun suna ƙanana, ana cire musu jakar da ƙuruciya, kuma tiyatar kyamara tana yaɗuwa a asibitocinmu.

Abin ba ya duba matsayi. A 1953 aka yi wa Anthony Eden, ministan harkokin wajen Birtaniya a lokacin, aikin cire jakar a Landan, aka ji wa bututunsa rauni. Sai da aka kai shi Boston wurin Richard Cattell aka gyara. Duk da haka zazzaɓin bututun bai rabu da shi ba. Ya kwantar da shi a 1956 ana tsakiyar rikicin mashigin Suwez yana firayim minista, kuma a Janairun 1957 ya ajiye mulki.

Mataki na farko: a san abin da ake fama da shi

Majinyata iri biyu ke zuwa. Na farko yana zuwa cikin kwanaki kaɗan bayan tiyata: ciki ya kumbura, ba ya son abinci, zazzaɓi, ko koren ruwa yana fita ta robar da aka bari ko ta bakin ɗinki. Duk wanda aka cire wa jaka da kyamara ya kwana biyu bai fara warwarewa ba, a ɗauka bututu ne har sai an tabbatar ba shi ba ne.

Na biyu yana zuwa bayan watanni ko shekaru. Ido ya yi rawaya, fitsari kamar baƙin shayi, bayan gida ya koɗe kamar toka, ga ƙaiƙayin da ke hana barci, har ka ga sawun farce a ƙwauri da gadon baya. Lokaci lokaci zazzaɓi da rawar sanyi su rufe shi, da ciwo a ƙarƙashin haƙarƙarin dama. A nan ne muke asarar lokaci. Da an ga rawayar ido sai a ce shawara ce, a shiga jiƙe-jiƙe da sassaƙe, ko a yi ta neman ciwon hanta a jini. Shawarar da toshewa ta kawo ba abin da zai warkar da ita sai an buɗe hanya. Mai shawara da ke da tabon tiyata a ciki, tambaya ta farko ita ce wane aiki aka yi masa, yaushe.

A jini ana duba bilirubin, sinadarin da ke sa ido rawaya, da ALP da GGT waɗanda ke hawa idan hanya ta toshe, da albumin, furotin ɗin da hanta ke yi, da aikin ƙoda, da saurin daskarewar jini. Sai hotuna, kowanne da tambayar da yake amsawa. Sikanin na ciki yana nuna ko hanyoyin cikin hanta sun buɗe, ko ruwa ya taru. Hoton CT da allurar rini yana nuna ƙurji, da ɓangaren hanta da ya motse, da lafiyar jijiyoyin jini. Kada a tsallake wannan, domin jijiyar da ke kai jini hantar dama tana wucewa ne daf da bayan bututun, kuma sau da yawa wuƙar da ta sami ɗaya ta sami ɗayar. Hoton MRCP, wato hoton MRI na hanyoyin matsarmama, shi ne taswirar: yana nuna bututun sama da ƙasan tsukewar ba tare da an soka komai ba.

Da taswirar a hannu sai a sa wa tsukewar lamba. Henri Bismuth na Faransa ya kasa ta biyar a 1982, gwargwadon lafiyayyen bututun da ya rage a ƙasan mahaɗar dama da hagu. Na 1, ya rage fiye da santimita 2. Na 2, bai kai santimita 2 ba. Na 3, babu saura amma mahaɗar tana nan. Na 4, mahaɗar ta lalace, dama da hagu sun rabu. Na 5, abin ya haɗa da wani reshen dama da ya fito ta baƙuwar hanya. Daga na 3 zuwa sama aikin yana ƙara wuya ƙwarai. Kafin a shiga ɗakin tiyata dole likita ya iya nuna kowane sashe na hanta a hoton ya faɗi ta inda ruwansa ke fita. Reshe guda da aka manta ya isa ya dawo da zazzaɓi bayan an gama komai.

Idan babu tarihin tiyata, a yi zargin ciwon daji har sai an kore shi. Gwajin ƙwayoyin da ake karto daga cikin bututu yana kama ƙasa da rabin masu cutar, don haka idan ya fito ba komai, ba a saki jiki ba.

Mataki na biyu: a kashe wutar kafin a fara gini

Ba a ɗinka bututu a cikin mugunya. Ruwan da ya taru a ciki, a sa roba ta fata a zuƙe shi da jagorancin sikanin, ko a wanke cikin idan ya bazu. Idan ƙwayoyin cuta sun kama bututun, maganin kashe su kaɗai ba ya isa, sai an samar wa ruwan mafita: ko ta baki da na'urar ERCP, wato doguwar roba mai kyamara da ake zurawa har bakin bututun a hanji, ko a soka siririyar roba ta tsakanin haƙarƙari ta ratsa hanta ta shiga bututun. A aika ruwan ɗakin gwaji a san maganin da ƙwayoyin ke ji.

Jiki ba ya tsotsar bitamin K sai da ruwan matsarmama a hanji, shi ya sa jinin waɗannan majinyata ba ya daskarewa da wuri. A ba su allurarsa kwanaki kafin aiki. Wanda ruwan ke zuba a jaka ta waje yana asarar ruwa da gishirin jiki kullum, kuma a watannin zafi ƙoda na iya tsayawa cikin kwana biyu. A auna abin da ya fita kowace rana a mayar masa. A ciyar da shi sosai, don ɗinki ba ya kamawa a jikin da ya rame. Mai sikila kuma a kiyaye masa ruwa da iskar oksijin da ɗumin jiki, kuma galibi ana ƙara masa jini har ma'aunin jininsa (haemoglobin) ya kai wajen giram 10 kafin babban aiki.

Yaushe za a gyara? Idan an gane raunin nan take ko cikin kwana uku, babu mugunya, jijiyar jini lafiya, kuma ƙwararre yana kusa, ana iya gyarawa a lokacin. Idan ɗaya daga cikin waɗannan ya ɓace, a jira mako shida zuwa wata uku. A tsakanin nan kumburi zai sauka, kuma duk inda zafin na'urar ƙona jijiya ko rashin jini ya kashe zai bayyana iyakarsa. Bututun da ya yi kyau a ido ranar rauni yakan mutu ya ja sama bayan mako biyu, ya tafi da ɗinkin da aka yi masa.

Ga maganar da ta fi kowace muhimmanci a wurina. Likitan da ya ga koren ruwa ya ɓullo inda bai kamata ba, zuciyarsa za ta ce masa ya gyara yanzu kafin kowa ya sani. A 1995 Lygia Stewart da Lawrence Way sun nuna cewa gyaran da likitan da ya yi raunin ya yi da kansa ya yi nasara a kashi 17 cikin 100 kacal, na ƙwararrun wannan fanni kuwa kashi 94. Kowane gyara da ya lalace yana cin wani yanki na bututun, na gaba sai an hau sama, cikin tabo mai tauri. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. A tsaya, a kira wani likita ya duba, kada a ƙara yanka, kada a ɗaure bututun da nufin ya kumbura. A ajiye roba mai faɗi a ƙarƙashin hanta, a rufe, a rubuta duk abin da aka gani da abin da aka yanke, a gaya wa majinyaci da danginsa gaskiya, a tura shi.

Mataki na uku: ko za a iya ba tare da wuƙa ba

Idan bututun bai rabu biyu ba, tsukewar gajera ce kuma tana ƙasa da mahaɗa, ana fara gwada ta baki. Ana zura na'urar ERCP ta maƙogwaro har farkon hanji, a tura siririyar waya ta ratsa tsukewar, a hura balan-balan a buɗe ta, a jera robobi a ciki. Tsarin da Guido Costamagna ya yaɗa daga birnin Rum shi ne a riƙa ƙara yawan robobin duk wata uku, har shekara guda, sai tabon ya daskare a buɗe. Akwai kuma bututun ƙarfe mai rufi da ake bari wata shida zuwa shekara a cire. A waɗanda suka dace, ana samun nasara a wajen 8 cikin 10. Bututun ƙarfe marar rufi kuwa ba a sa shi a tsukewar tabo ko kusa, domin nama yana shiga ragarsa ya ƙi fita.

Sharaɗin wannan hanya shi ne dawowa. Robar da ta wuce lokacinta tana toshewa ta zama matattarar cuta. Kafin a zaɓa wa mutum wannan, a zauna da shi a lissafa: tafiya huɗu ko biyar a shekara zuwa inda na'urar take, da kuɗin kowace. Wanda ba zai iya ba, tiyata guda mai kyau ta fi masa alheri.

Idan waya ta ƙi wucewa, ko bututun ya yanke gaba ɗaya, ko an yi shekara ana sa roba tsukewar ta dawo, sai tiyata.

Mataki na huɗu: aikin kansa

Haɗa bakin sama da na ƙasa kai tsaye yana da daɗin ji, amma ba ya ƙarko sai idan yankan tsaf ne, ba a rasa ko yanki ba, ba ƙuna, kuma an gane shi nan take. A tsohuwar tsukewa ba a yin sa. Dalilin yana cikin yadda bututun ke samun jini. Northover da Terblanche sun nuna a Afirka ta Kudu a 1979 cewa ƙananan jijiyoyi biyu ne ke bin gefensa, a ƙarfe 3 da ƙarfe 9 idan ka ɗauke shi kamar fuskar agogo, kuma kusan kashi 60 na jinin daga ƙasa yake hawowa. Da an yanke bututun, bakin sama ya rasa mafi yawan abincinsa. Can sama a mahaɗa kuwa akwai ragar jijiyoyi mai wadata. Shi ya sa ƙa'idar ita ce a hau sama a ɗinka inda jini yake.

Aikin da aka fi dogara da shi shi ne a jawo reshen ƙaramin hanji a haɗa shi da bututun a ƙofar hanta. Ga yadda yake tafiya.

Ana yanka a ƙarƙashin haƙarƙarin dama, a ƙara zuwa tsakiya ko hagu idan ana bukata. Abin da za a tarar shi ne kitsen ciki da babban hanji da farkon ƙaramin hanji duk sun manne a ƙasan hanta. Ana fara ɓamɓarewa daga gefen dama inda tabon bai yi yawa ba, a nufo tsakiya, almakashi yana manne da hanta. Wannan kaɗai yakan ci awa ɗaya ko biyu. Wani lokaci za a tarar bututun ya huda wa kansa 'yar hanya zuwa hanji, sai a raba a ɗinke hujin hanjin.

Sai neman bututun, kuma a nan ne ake gane gwani. Kutsawa cikin tabon kai tsaye haɗari ne, don babbar jijiyar da ke kawo jini daga hanji tana kwance a bayansa, garin neman gira a rasa ido. Dabarar da Jacques Hepp da Claude Couinaud suka bayyana a Faransa a 1956 ita ce a kewaye tabon a nufi bututun hagu. Couinaud shi ne ya kasa hanta kashi takwas, kuma ya lura cewa bututun hagu yana tafiya a kwance santimita 2 zuwa 3 a wajen hanta, a ƙarƙashin kashi na 4, inda tiyatar farko ba ta cika kaiwa ba. Ana yanke igiyar da ta taso daga cibiya zuwa hanta a ja ta sama, a ɗaga kashi na 4, a tsaga tantanin da ya lulluɓe gindinsa, a tura naman hanta sama a hankali. Sai faifan ƙofar hanta ya sauko da bututun a jikinsa, kamar an sauke kaya daga kan kanta.

Kafin a yanka, a soka siririyar allura a zuƙo. Idan koren ruwa ya fito, an iso. A bututun da ya daɗe a toshe ruwan yakan fito fari kamar majina, kada wannan ya ruɗar. Idan jini ne, a zare a danne a sake lissafi. Robar da aka sa ta fata tun farko tana taimako a nan, don yatsa yana jin ta a cikin tabo.

Ana kafa zare biyu a riƙe, a tsaga fuskar bututun a tsawonsa, daga mahaɗa zuwa hagu, har bakin ya kai santimita 2 ko 3. A kula da ƙaramar jijiyar kashi na 4 da takan gitta a can ƙarshen hagu. Ba a zagaye bututun a ware shi daga bayansa, don ta nan jininsa ke shiga. Lafiyayyen baki ana gane shi da ido: cikinsa santsi da sheƙi, gefensa yana tsattsafo da jan jini. Idan fari ne mai tauri kamar guringuntsi, ba a iso ba, a ƙara hawa. Sai a zura ɗan ƙarfen bincike a kowane reshe, na hagu, na dama ta gaba, na dama ta baya, a wanke laka da tsakuwa. A yanki gefen tabon da ɗan ƙaramin naman hanta a aika gwaji.

Yanzu sai hanji. Tsarin ya samo suna daga César Roux, likitan Suwizalan na ƙarshen ƙarni na 19, kuma siffarsa kamar harafin Y ce. Ana auna santimita 20 zuwa 30 daga inda kashi na biyu na ƙaramin hanji ya fara, a haska fitila ta bayan tantaninsa a ga yadda jijiyoyi suka yi baka, a yanke inda reshen zai miƙe ba tare da ya rasa jini ba. A rufe bakin reshen ƙasa, a huda tantanin babban hanji ta dama da jijiyarsa ta tsakiya, a jawo reshen ta nan har ƙofar hanta. Ya kamata ya kwanta a wurin da kansa ba mai riƙe shi. Idan sai an ja, a koma a ƙara sake shi. Bakin sama, wanda abinci ke biyowa, ana haɗa shi da gefen reshen santimita 40 zuwa 60 a ƙasa. Wannan tazara ce ke hana abinci komawa sama ya shiga hanta.

A gefen reshen, kusa da rufaffen bakinsa, ana yin tsaga da ta ɗan fi ta bututun gajarta, saboda hanji yana miƙewa. Zaren da ake amfani da shi siriri ne, mai silli ɗaya, mai narkewa, lamba 4-0 ko 5-0. Zaren siliki ba ya narkewa, tsakuwa takan taru a kansa, don haka ba shi da wuri a nan. Ɗinkin layi ɗaya ne, ɗaya bayan ɗaya, tazarar milimita 2 zuwa 3, kuma manufar ita ce fatar cikin bututu ta sumbaci fatar cikin hanji ko'ina, ba giɓi. Duk inda suka kasa haɗuwa, tabo ne zai cike wurin.

Ramin yana da zurfi, wurin kuma ƙunci, shi ya sa jerin ɗinkin yake da muhimmanci. Ana fara sa zaren layin gaba a leɓen bututun kaɗai, a bar alluransu, a kama kowanne da ɗan maƙali a jera su bi da bi a kan ƙyalle, a ɗaga su sama. Wannan yana buɗe bakin kamar an ɗaga labule, layin baya ya fito sarai. Sai a sa duk zaren layin baya tsakanin bututu da hanji ba tare da an ɗaure ko ɗaya ba, hanjin yana nesa. Idan sun cika, a zuro hanjin a kansu a hankali har ya zauna, a ɗaure. Daga nan a ɗauki alluran layin gaba ɗaya bayan ɗaya a ratsa leɓen hanji, a ɗaure. Mai miƙa kayan aiki yana da rabin nasarar wannan mataki, domin zare ashirin da suka harɗe suna iya mayar da aikin baya da rabin awa.

An gama, sai a naɗe mahaɗin da farin ƙyalle a jira minti biyu ko uku. Idan ya fito da ɗigon kore, a nemo wurin a ƙara zare guda. A kafe reshen da zare biyu a jikin tantanin hanta don nauyinsa kada ya rataya a ɗinkin. A rufe duk tagogin da aka buɗe a tantanin hanji, don hanji yakan faɗa ciki ya shaƙe ko bayan shekaru. A ajiye roba a bayan mahaɗin a rufe ciki. Barin roba a cikin ɗinkin kansa kuwa likitoci sun saɓa a kai. Ni ina ganin baki mai faɗi da jini ba ya bukatarta, a ajiye ta don siririn bututu ko naman da ba a yarda da shi ba.

Idan tsukewar ta hau sosai, ko ta sauka ƙasa

A tsukewa mai lamba ta 4, inda dama da hagu suka rabu, idan suna kusa ana ɗinke gefunansu su zama baki ɗaya. Idan sun yi nisa, kowanne da nasa mahaɗin a reshe guda. Bututun dama gajere ne kuma yana nutse a cikin hanta, don haka akan yanke ɗan yanki daga gindin kashi na 4 da na 5 a tono shi. Idan ƙofar hanta ta ƙi shiguwa sam, ana bin igiyar cibiya a samu bututun kashi na 3 a haɗa da shi. Ɓangaren hanta da ya motse, jijiyarsa ta mutu, yana ta tara ƙurji, cire shi ya fi gyara shi. Wanda ake tsoron tsukewarsa za ta dawo, akan kafe wani gefen reshen a bayan fatar ciki a yi masa alama, don gobe a shiga ta nan da balan-balan ba sai an sake buɗe ciki ba. Idan kuwa hanta ta riga ta ƙandare, jijiyoyin ciki sun kumbura, maganar ta koma ta dashen hanta.

Tsukewar can ƙasa, irin ta kumburin fankiriyas, ta fi sauƙi. Bututun sama ya buɗe, jininsa lafiya. Ana iya yin wannan reshen, ko kuma, ga tsoho mai bututun da ya kai santimita ɗaya da rabi ko fiye, a haɗa shi da farkon hanji kai tsaye.

Bayan aiki

Ana fara kurɓar ruwa washegari, abinci a hankali, a tashi a taka da wuri. Ana duba robar kowace safiya. Ɗan koren ruwa a kwanakin farko yakan tsaya da kansa muddin yana samun mafita kuma ba zazzaɓi. Idan ruwan ya washe, a cire ta. Ƙaiƙayi yakan tafi cikin kwanaki, rawayar ido kuma takan ɗauki makonni. Yawanci ana sallama cikin mako guda zuwa kwana goma.

A hannun ƙwararru, 8 zuwa 9 cikin 10 suna samun lafiya mai ɗorewa. Sauran tsukewar tana dawo musu, galibi cikin shekara biyu zuwa uku, wasu kuma sai bayan shekara goma. Saboda haka ana gwajin jinin hanta duk wata uku a shekarar farko, duk wata shida a ta biyu, daga nan sau ɗaya a shekara. ALP yakan fara hawa tun kafin ido ya canza, kuma a wannan lokacin balan-balan ta fata takan wadatar.

Ranar sallama a ba majinyaci takarda a hannunsa mai ɗauke da lambar tsukewarsa, da irin haɗin da aka yi, da tsawon reshen, da halin jijiyar hantar dama, da zanen aikin ko da na biro ne. Na'urar ERCP ta yau da kullum ba ta cika isa mahaɗin ba bayan an yi wannan reshe, kuma likitan da zai gan shi a wani gari yana bukatar sanin haka kafin ya fara. A gaya masa da shi da wanda ke jinyarsa cewa zazzaɓi da rawar sanyi, ko fitsari ya sake yin duhu, ko ƙaiƙayi ya dawo, ba na shan maganin maleriya a gida ba ne. Ya ɗauki takardar ya nufi asibiti a ranar, a ɗebi jininsa a duba hanta tare da gwajin maleriyar.